Ta'aziyyar Firintar da Aka Mayar Baƙuwa a Gidansu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da tabon tawada bai gama fita ba, Mai Zane, wato mai zana taswirar gine-gine da ke zaune a hawa na biyu, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan aiki rasuwar firintarsa. Ta cika ranar Laraba da yamma a kan teburinta na kusa da taga, bayan shekara goma sha ɗaya tana bakin aiki.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da rashin zaɓe. Takarda mai kauri, mara kauri, har wadda aka riga aka yi rubutu a bayanta, duk karɓa take yi. Daga bakinta zanen gidaje sama da ɗari biyu suka fito, da takardun neman aikin dangi, da hoton kyanwar maƙwabta lokacin da ta ɓata. Duk wanda ya zauna da ita ya san gaisuwarta ta safe, "ƙirr, ƙirr, cak," sannan ta yi shiru kamar mai tunanin duniya kafin ta ja takarda. Aibinta ɗaya, takan ce tawada ta ƙare alhali da saura. Mai Zane ya yafe mata wannan tun tana raye.

Ciwon ajalin ya faro ne ranar Talata da safe, kuma ba a jikinta ya faro ba. Manhajar tsaron da ke kare kwamfutar gidan, wadda iyali ke kira Maigadi, ta sabunta kanta, sai ta jefo tambaya: wannan waifai ɗin na gida ne ko na jama'a? Mai Zane mutum ne da ba ya yi wa ko na'ura ƙarya. Ya ɗaga kai ya dubi falo. Ga ƙanin matarsa a doguwar kujera yana kallon ƙwallo a waya, ga matar maƙwabci a bakin ƙofa tana aika saƙo, ga mai wanki a matakala, shi ma da lambar sirrin gidan a wayarsa. Ya latsa "na jama'a."

Nan take Maigadi ya ja ƙofa ya rufe. Ya ɗauki duk abin da ke kan waifai ɗin a matsayin baƙon da ba a yarda da shi ba, har da firintar da ta riga shi zuwa gidan da shekara tara. Ga ta nan zaune, hannu zai iya taɓa ta, fitilarta kore shar, amma kwamfuta ta dage ba ta san wata mai wannan suna ba.

Mai Zane kuwa yana da zanen wani ƙaramin asibiti da zai miƙa ranar Alhamis ƙarfe tara, aikin wata biyu, wanda in ya makara za a ba wani. Ya aika umarnin bugawa, ya sake aikawa. Ya kashe ta ya kunna, ya hura mata iska, ya lallashe ta, ya ɗan bubbuga ta a gefe. Ko kusa bai zargi Maigadi ba, tunda shi yana ta nuna masa cewa komai lafiya. Bai kuma gaya wa matarsa ba, don shekara biyu ke nan tana cewa firintar ta tsufa.

Ranar Laraba ƙanin matar ya sa baki. Ana ce masa Injiniya tun da ya taɓa gyara fanka. Ya kara kunnensa a jikinta ya ce, "Yaya, ciwon nan a ciki yake. Ba ni sukudireba." An shafe awa uku ana tiyata. Da aka rufe ta, kusoshi huɗu suka rage a faranti, da wani ɗan sifirin da ba wanda ya tuna daga ina ya fito. "Dama da yawa kamfani ke saka su," in ji Injiniya.

Ƙarfe biyar matar gidan ta dawo daga ofis, inda kullum da kwamfuta take aiki. Ta ga farantin, ta ga fuskar mijinta. Ko jaka ba ta ajiye ba ta zauna, ta buɗe saitin Maigadi, ta shiga wajen da yake tantance waifai.

"Maigida, wa ya gaya masa gidan nan tashar mota ce?"

Ta mayar da shi "na gida." Ba a yi minti ɗaya ba sunan firinta ya bayyana.

Sai dai umarni arba'in da uku da Mai Zane ya aika cikin kwana biyu suna nan a layi suna jira, kuma gaba ɗaya suka afka mata. Marigayiya ba ta taɓa ƙin aike ba. Ta ce "ƙirr," ta ja takarda da cikin da aka farke, ta fitar da ɗakin jira da banɗaki biyu na zanen asibitin. Daga nan ta ce "tak." Aka ji ƙauri, fitila ta mutu. Da takardar a bakinta ta tafi.

Washegari an buga zanen a shagon da ke kwanar layi, an miƙa shi tara saura minti goma, an kuma samu aikin. Mai Zane dai ya ce layukan ba su yi baƙi irin nata ba.

Ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya, akwatin waifai, kwalbar tawada biyu da ba a ko buɗe ba, da kusoshi huɗu marayu. Maigadi yana nan a bakin aikinsa, yau ma da safe ya sanar cewa bai ga wata barazana ba. Iyali ba su riƙe Injiniya a zuci ba, amma ana roƙonsa ya daina tambayar lafiyar firij.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar ƙarfe goma na safe, daga teburinta zuwa shagon masu karɓar tsofaffin na'urori da ke bayan kasuwa. Mai Zane da kansa zai rungume ta, kuma ba ya son a kama masa a matakala. Za a karɓi gaisuwa a falo bayan an dawo.

A yi haƙuri da rubutun, da hannu aka yi wannan sanarwa. Wanda ke son kwafi ya taho da bironsa.