Ranar Da Aka Yi Kyauta Da Bijimina

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce an yi kyauta da bijimina a gaban idona, ni kuma ina cikin masu tafi. Ba ɗan tafin kara ba, tafi sosai, har hannuna ya yi ja. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce Halliru na Turba ya fara zarewa.

Shanun huɗa biyu gare ni, Goje da Baƙi, kuma da su gidana yake cin tuwo. Goje ne babba, ja, mai tozo kamar an ɗora masa tulu. Sati biyu da suka wuce ya fara ɗingishi, ƙafarsa ta gaba ta kumbura, ya juya wa dusa baya. Ga ruwa ya sauka, kowa ya fita da garma, ni ina tsugune ina kallon kofato. Sa guda ba ya jan garma. Mai ɗakina Bilki ta dube ni ta ce, "Malam, in ba ka nemo mai magani ba, bana kai za a ɗaura wa igiya tare da Baƙi."

Ana cikin haka, ranar kasuwar Bafarawa, sai ga mai shela a kan babur da lasifika. Wai ranar Talata ƙaramar kwalejin koyon noma da kiwo da ke yankinmu za ta duba dabbobi kyauta, allura kyauta, magani kyauta, kowa ya kawo nasa. Kuma a ranar ne za ta karrama Baba Sodangi na Tozai.

To, a nan dole in yi adalci. Kwalejin nan tana da mutanen kirki. Akwai Malama Radiyya, mai koyar da kiwon lafiyar dabbobi, wadda in akuyarka ta kasa haihuwa za ta hau babur ta zo har gida, ta naɗe hannun riga. Abin da kwalejin ba ta da shi kawai shi ne dabbobi. Tana da garke, wato fili mai shinge da ƙofar ƙarfe da allo mai rubutu. Ni da kaina na halarci buɗe wannan garke sau uku, a hannun manya uku daban-daban, kowanne da almakashinsa. Ko ɗan tsako ba a taɓa sakawa ciki ba.

Shi ya sa shekara goma sha biyu ke nan, duk ranar Laraba, Baba Sodangi yake koro shanunsa da tumakinsa a ƙafa zuwa kwaleji, don ɗalibai su sami abin koyon allura a kansa. Ba wanda ya sa shi. Ya ce ya ga yaran suna koyon tatsa da hoton saniya a jikin allo, abin ya ba shi tausayi. Malaman ne suka dage sai an girmama shi, kuma da an bar musu abin a hannunsu, da an gama cikin rabin awa da addu'a da goro.

Amma ina! Sai aka gayyato Mai Girma Uban Alheri. Ba za ni faɗi ko wane ne ba, don ina son ci gaba da zuwa kasuwa da ƙafafuna biyu.

Na fito da Goje tun bayan sallar asuba, muna tafiya muna hutawa saboda ƙafar. Da hantsi muka isa. A bakin ƙofa muka tarar da Malam Jabir, mai kula da tsare-tsaren biki, cikin farar shadda, da mutane biyu riƙe da bokitin koren fenti. Duk dabbar da ta shigo sai a shafa mata tambarin kwaleji a cinya, a kora ta cikin garke.

Na ce, "Malam, wanga fenti na mi ne?"

Ya ce, "Shaida ce ta cewa dabbarka na cikin layin allura."

Na ce, "To ni ina za ni tsaya?"

Ya ce, "Masu dabbobi can bayan rumfa. Kada kowa ya matso kusa da garke, saboda hoto."

Ban kawo komai a raina ba. Na ga shanu sun kai sittin, ban da awaki da tumaki, kowanne da koren tambari. Har na ce wa maƙwabcina Abbas, wanda ya kawo tunkiyarsa, "Ka ga tsari ko?" Abbas ya ce, "Halliru, duk ranar da na ga tsari a wurin mutanen ga, gabana faɗuwa yakai."

Malama Radiyya da ɗalibanta sun jera magunguna a kan tebur tun da safe, amma an hana su taɓa ko da kaza. Wai ba a fara allura sai Mai Girma ya tsira ta farko da hannunsa mai albarka. Rana ta take. Awaki suka cinye furannin roba da aka yi wa shinge ado da su. Baba Sodangi, wanda saboda shi aka taru, yana zaune a layi na huɗu a kan benci, da sandarsa a tsakanin gwiwoyi, domin kujerun gaba na masu rakiyar Mai Girma ne.

Sai bayan azahar muka ji jiniya. Mota goma sha ɗaya. Na tambayi Abbas mutum nawa ne Mai Girman, ya ce mutum guda ne, sauran motocin na ɗaukar girmansa ne.

Aka zagaya da shi garke. Daga bayan rumfa muna jin muryarsa a lasifika yana cewa ransa ya yi fari ƙal da ya ga yadda shanun da aka saya wa wannan kwaleji suka yi ƙiba, suka hayayyafa, suka cika garke. Ya yaba wa shugaban kwaleji, shugaban kwaleji ya yaba masa, suka yaba wa juna har sau uku. Abbas ya taɓa ni ya ce, "Ka ji? Tunkiyata ta zama ma'aikaciyar hukuma."

Sannan aka kira Baba Sodangi. Mai Girma ya kira shi Malam Ɗangi, ya miƙa masa wani katako mai sheƙi da rubutun Turanci, aka ɗauki hoto. Sai kuma alherin ya motsa masa. Ya ce katako ba ya isa dattijo irin wannan, don haka daga cikin garken kwaleji ya ba shi kyautar bijimi guda, wanda ya fi kowanne girma.

Wuri ya ɗauki tafi. Ni ma na dage, don Baba Sodangi ya cancanci fiye da haka. Ina cikin tafin ne na hango an buɗe ƙofar garke, an jawo wani jan bijimi mai ɗingishi.

Jama'a, ban san lokacin da na tsallake benci biyu ba. Kafin in kai ga igiyar da aka kewaye manya da ita, wani ƙato mai baƙin tabarau ya dafa mini ƙirji. Malam Jabir ya rugo, gumi na zuba a kan shaddarsa, ya raɗa mini, "Malam, don Allah rufa mana asiri. Za mu daidaita."

Na ce, "Ku daidaita mi? Bijimina na!"

Ya ce, "Yi ƙasa da murya. Za a kafa kwamiti."

Ban gama haɗiye wannan ba sai mai gabatarwa, wani mai baki kamar an shafa masa man shanu, ya ce ai kowa ya san Baba mutum ne mai karamci, ba zai bar baƙin da suka taso daga nesa su koma da yunwa ba. Masu rakiya suka yi shewa. Wallahi da idona na ga wani ya fito da wuƙa daga bayan mota yana gwada kaifinta a babban yatsa. Na tuna gonata da ba a huɗe ba, na tuna Baƙi shi kaɗai a turke, na tuna bakin Bilki.

Baba Sodangi bai yi gaggawa ba. Ya ajiye katakon a kan kujera, ya zagaya Goje sau ɗaya, ya shafa tozonsa. Ya san shi sarai, domin a gabansa na saye shi yana ɗan maraƙi. Ya ɗaga kai ya hango ni a hannun mai tabarau. Sai ya karɓi lasifika.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, na gode, Allah shi saka da alheri. Amma shekarata hamsin cikin shanu, ban taɓa ba baƙo naman sa marar lafiya ba. Wanga sa ƙafarshi ta kumbura. Malama Radiyya, ɗiyata, zo ki duba mini dukiyata."

Kafin wani ya tuna cewa allurar farko ta Mai Girma ce, Malama ta iso da akwatinta da ɗalibai huɗu. Suka kayar da Goje a hankali a gaban kujerun manya, ta ɗaga kofaton, ta wanke, ta sa ɗan ƙarfe ta zaro guntun waya mai tsatsa, tsawon ɗan yatsa. Ruwan ciwo ya biyo baya, masu shadda suka ja kujeru. Ta ɗaure ƙafar, ta cika sirinji ta tsira masa a wuya. Sannan ta miƙe, ta goge hannu, ta ce da ladabi, "Ranka ya daɗe, wannan allurar tana da ƙarfi. Duk wanda ya ci namansa kafin wata guda, to ya kuka da kansa."

Mai wuƙa ya mayar da ita bayan mota.

Baba Sodangi ya ce, "To tunda haka ne, ni na tsufa, ba ni iya jinyar sa. Akwai wani yaron kirki nan, Halliru na Turba. Na ba shi kiwo, shi tafi da shi, shi yi huɗa da shi, har ranar da na neme shi."

Mai Girma ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wannan shi ne irin taimakon juna da yake ta kira a yi. Aka sake ni, aka tura ni gaba, aka ba ni igiyar bijimina, aka ce in yi godiya. Na durƙusa na yi godiya. Aka ce in yi murmushi saboda hoto. Na yi.

Da aka nemi Baba ya rufe da addu'a, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi ba wagga kwaleji shanu nata na kanta, masu kyau kamar waɗanga." Mu na bayan rumfa muka ce amin da ƙarfi har da dariya. Mai Girma ma ya ce amin, ya shiga mota.

Bayan jiniya ta yi nisa ne aka yi abin da ya tara mu. Malama Radiyya da ɗalibanta suka bi dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya, ba su zauna ba har rana ta yi ja. Tunkiyar Abbas ta sami maganin tsutsa. Wata tsohuwa da ta kawo akuya mai tari ta tafi tana sa albarka. Baba Sodangi ya tuɓe babbar riga yana riƙe musu ƙaho, yana yi wa ɗalibai faɗa in sun tsira allura a karkace. Na je na tsuguna a gabansa. Ya ce, "Tashi, ɗana. Ka dai riƙa duba ƙafar dukiyata." Malama kuwa da na yi mata godiya cewa ta yi, "Ni ban san da zancen fentin ba sai da na gani. Ka kawo shi ranar Laraba in canza ɗaurin."

Kowa ya kama dabbarsa ya nufi gida, garke ya koma yadda muka san shi. Yau kwana shida, Goje yana taka ƙafar, ya koma cin dusa kamar yana fushi da ita.

Da a nan zancen ya tsaya, da ban dame ku ba. Jiya da hantsi Abbas ya shigo gidana ko sallama bai gama ba, ya ce, "Halliru, ka ji sanarwa?" Wai Mai Girma ya aiko a ɗauko hoton garken don a sa a kalanda, aka tarar ba ko kofato. Da aka tambayi su Malam Jabir, sai suka rubuta cewa wasu mutane da ba a san ko su wane ne ba sun kore garken kwaleji gaba ɗaya da rana tsaka. An kafa kwamiti mai mutum tara. Ana roƙon jama'a duk wanda ya ga dabba mai koren tambari a cinya ya kai rahoto.

Na ce, "Abbas, mu ne fa mutanen da ba a san ko su wane ne ba."

Ya ce, "Ni dai na aske tunkiyata tun da safe."

Sa ba ya askuwa. Ni da Bilki mun gwada sabulu, mun gwada toka, mun gwada kananzir, tambarin nan sai ƙara sheƙi yake yi. Shekara talatin ina ganin kayan da manyanmu ke saye, daga famfon da ba ya kawo ruwa zuwa fitilar titi da ba ta kamawa, ban taɓa ganin sun sayi abu mai inganci ba sai wannan fenti. Allah ya ƙara musu basira.

Saboda haka, in kun gamu da ni gobe a hanyar gona, ina jan wani jan bijimi ɗaure da zanen atamfa a ƙugu, ku yi mini barka da aiki kawai ku wuce.