Ranar da Na Gasa Kyautar Baba

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na gasa kyautar mahaifina da hannuna, kuma a gaban shaidu.

Ni malamin zane ne a wata sakandare a Rano, kuma ina da wata cuta: tara ainihin zanen hannu na finafinan katun ɗin Japan. Kafin kwamfuta ta karɓe aikin, a kan wata leda mai kauri, garau kamar gilashi, ake zana kowane motsi, a shafa fenti ta bayanta. Irin waɗannan ledojin nake tarawa. (Na ce "tarawa" ne don in ji daɗin bakina. Guda biyu gare ni, ɗayar ma ƙafar wani ce kawai ta fito a ciki.) Amma ka zauna da ni minti biyar, sai ka rantse a Japan aka yanke mini cibiya.

Ƙanwata Bilkisu, da ke karatun noman shinkafa a can, ita ke samo mini su. Da ta aiko ta uku, sai ta ja mini kunne cewa wannan ta Baba ce, domin ya yi shekaru yana zana dawisu da zaki a jikin manyan motoci a Kibiya. Wata yarinya ce a zanen, tana miƙa wa wani tsoho ruwa. Baba ya juya ledar, ya daɗe yana kallon bayanta fiye da gabanta, ya ce wanda ya ja waɗannan layukan sai da ya riƙe numfashi. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun tafiyar Bilkisu. Ya ce in kai a adana masa ita kafin Juma'a, zai nuna wa abokansa.

To, mu a nan duk takardar da muke ji da ita, daga shaidar kammala makaranta har takardar fili, laminatin muke yi mata, wato inji ya manne ta cikin leda. Ban tsaya tunani ba, na nufi shagon Malam Nura mai hoto.

Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce leda ce, injin kuma zafi gare shi, gara a sa ta a firam. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na yi masa lacca kan ingancin kayan Japan, har mutanen da ke jiran layi suna gyaɗa kai. Ya ce to, Malam ya fi shi sani.

Ƙaurin ne ya fara fitowa. Sannan ledar ta biyo baya a takure kamar ganda, fentin ya kumbura, fuskar yarinyar ta gangaro kan kafaɗar tsohon. Wata mata ta tambaya a hankali ko haka dama ake so ya fito.

Ranar Juma'a, tafiyar Rano zuwa Kibiya ba ta taɓa yi mini gajarta haka ba. Na tarar da Baba da abokansa uku a zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Na durƙusa, na miƙa, na faɗi gaskiya. Kunyar dattawan ba ta dame ni kamar tunanin na ƙona masa abu ɗaya tilo da 'yarsa ta aiko masa ba.

Baba ya shafa ledar da yatsa. Can ya ɗago ya dubi abokansa.

"Bilkisu ta aiko, wannan kuma ya gasa," in ji shi. "Kun ga yanzu hannun 'ya'yana biyu ne a jiki. A samo mini ƙusa."

Suka yi dariya, ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, gemai-gemai da ni. Tana nan rataye a zauren har yau, kuma duk baƙon da ya tambaya, sai Baba ya nuna ni da baki.

Tun daga ranar, in mai inji ya ce kada a yi, nakan haɗiye laccata in yi shiru. Bilkisu ta ce ta yafe, amma har yanzu ba ta aiko ta huɗu ba.