An Haifi 'Yata a Garin Mahauci

Jama'a, jiya na dawo daga Dapaong da ciwon baya da sabon ilimi: ashe 'yata Nusaiba a wani gari aka haife ta wai shi Mahauci. Ni da na yanka ragon sunanta ban sani ba.

Lakwal, wato makarantarsu, ita ce ta nemi sabuwar takardar haihuwarta, kuma ran Juma'a za a rufe rajistar jarrabawa. Na rufe teburin namana a Sokodé, na hau mota zuwa Dapaong inda aka haife ta. A ofishin rajistar haihuwa, wata madam ta danna kwamfuta, takarda ta fito. Sunan uba: lambar wayata. Sana'ar uba: Huseini. Wurin haihuwa: Mahauci.

Na ce, "Madam, Huseini sunana ne, fawa ce sana'ata."

Ta ce, "Baba, ni ba na gardama da allo."

"To ga biro, gyara min."

"An hana biro. Yanzu mun ci gaba."

Maƙwabcina Issifou mai gyaran waya ne ya warware min. Wai Masu Girma Iyayen Cigaba, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun yi taron kwana uku a otal, suka ƙara gida ɗaya a babbar rajistar gwamnati don lambar waya. A tsakiya suka cusa shi, kowane gida ya matsa gaba. Shi kuwa allon madam da lissafi aka koya masa: ɗauko na uku, ɗauko na huɗu. Ba wanda ya gaya masa an yi ƙaura.

Issifou ya ce, "Da da suna aka koya masa kiran kowane gida, ko an matsa zai gane. Ko su sa sabon a ƙarshe. Ko su gwada da takarda ɗaya kafin su kira masu hoto."

Na ce, "Kai ma! Gwaji ai ba a raba lemo a wurinsa."

Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma ranar da na sauya wa hanta wuri a tebur, ba na miƙa wa mai sayen hanta ƙashi. Garin neman gira an rasa ido.

Da safe na kai wa direktan lakwal takardar. Ya ce, "Malam Huseini, kai ne na sha uku. Ina da 'yan garin Tela uku, 'yan Manomi tara. Zan karɓa, amma haka zai hau kan shaidar jarrabawarta. Ko ka jira gyara, ta rasa shekara."

Yarinyar da tun azumi take haddar darasi? Na sa hannu. Ranar da za ta nemi aiki, Allah ya sa ina raye in je in yi bayani.

Duk da haka na gode Allah da ya ba ni sana'a. Maƙwabcinmu Talle ba shi da aiki, wurin haihuwar ɗansa ya fito fanko. Yaron a wurin manya ba a ma haife shi ba tukuna.