Kalmar Sirrin da Har Mai Shayi Ya Haddace

Jama'a, yau na ga ta kaina. Na sa babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na bi layin mai tun da sassafe, ina isa bakin famfo aka ce ya ƙare. Haka na turo babur har ƙofar wani ofis a nan Kontagora, gumi sharkaf kamar ɗan dako. Duk don me? Don in ba da haƙuri saboda 'yata ta yi aikin da aka koya mata.

Bari in faro muku daga tushe. Bashira, 'yata ta biyu, tana karatun kula da netwok da tsaron kwamfuta a wata kwaleji. Tsarinsu wata shida a aji, wata shida a tura ɗalibi wurin aiki ya koya da hannunsa. Akwai littafin da yake rubuta abin da ya yi kullum, a ƙarshe shugaban wurin ya sa hannu ya buga hatimi. In babu sa hannun nan, sai maimaita shekara. Juma'ar nan kuma ake rufe karɓar littafin.

Ita sai aka tura ta ofishin Mai Girma Alhaji Dakta Injiniya, Sarkin Yaƙin Zamani, wanda ba zan kama sunansa ba don ina so in tsufa da haƙorana. Bawan Allahn nan sau huɗu yana zuwa taron ƙara wa juna sani a kan tsaron kwamfuta, kowanne a otal mai sanyi, ya dawo da jaka da takardar shaida. Ga su can jere a bango. Kwamfutar teburinsa kuwa an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, a kanta ake ɗora filas ɗin shayi.

Watan farko an yi ta aiken Bashira sayen ƙosai. Na biyu ta ƙware a tayar da janareta. A na uku ne aka yi kuskuren barinta ta zauna gaban kwamfuta, ta dawo gida ido waje.

"Baba, kalmar sirri ɗaya suke amfani da ita a komai! Da wayifai, da rumbun da ke ɗauke da sunayen mutanen gari, da lambobin wayarsu, da hotunansu. Shekara bakwai ba a canza ta ba, an ma rubuta ta da biro a jikin kalanda. Kuma kullum akwai mai shiga daga waje."

Na ce, "Har da sunana a ciki?"

Ta ce, "Har da hotonka mai karkatacciyar hula."

Nan na san lamarin babba ne.

Yarinya ta zauna ta rubuta rahoto shafi biyar, ta ajiye a teburin Mai Girma. Wata uku rahoton yana ƙarƙashin filas, har ya yi zoben shayi. Da ta gaji ta tare shi a bakin mota ta ce, "Ranka ya daɗe, in canza kalmar sirrin?" Shi kuma waya a kunne, ya ɗaga mata hannu ya ce, "Yi abin da ya kamata, yarinya." Ta canza, ta sa sabuwar a ambulan ta manne, ta ba shi hannu da hannu.

Washegari gari ya rikice. Ashe ɓarawon da ke shiga daga waje ba kowa ba ne, Obed ne mai shagon kwamfuta a bakin kasuwa. Duk ma'aikatan ofishin nan, har da masu rataya katin shaida a wuya suna taƙama, wurinsa suke kai aikinsu, shi yake shiga ya yi musu. Ranar da Obed ya kasa shiga, ofis ya tsaya cak. Ambulan kuwa Mai Girma ya manta inda ya jefa shi.

Da yamma maƙwabcina Yero, mai shayi a jikin katangar ofishin, ya same ni a ƙofar gida ko sallamar kirki babu.

"Malam Mahmudu, me na yi wa 'yarka?"

Na ce, "Lafiya?"

"Ina lafiya! Shekara biyar duk wanda ya sayi shayi da burodi sai in ba shi kalmar nan kyauta ya kalli ƙwallo a wayarsa. Yau bencina wayam. Haka ake zaman maƙwabtaka?"

Na ce masa ai sirri ne. Ya ce, "To ni na ce ba sirri ba ne? Sai ka sayi shayi nake faɗa maka!"

Shi ne fa yau na je. Awa uku ina kan benci kafin a shigar da mu, ni da Bashira. Mai Girma, Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai sauƙin kai, bai ce a kulle mu ba. Ya dai ce Bashira ta yi wa aiki zagon ƙasa. Ta buɗe baki za ta ce shi ya ba ta izini, na taka mata ƙafa. Sharaɗinsa biyu: ta mayar da tsohuwar kalma, sannan ta cire shafin littafinta inda ta rubuta cewa rumbun a buɗe yake.

Bashira ta juyo ta ce, "Baba, bayanan mutane ne fa. Wannan shi ne abu na farko da aka koya mana kada mu bari."

Wallahi raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni, don na san ita ke da gaskiya. Amma na tuna Juma'a, na tuna shekara gudan da za ta tafi a banza. Ni da nake cika muku kunne duk mako da zancen gaskiya, ni da bakina na ce, "Mayar musu, Bashira."

Ta mayar, hawaye na ɗiga a kan madannan kwamfuta. Ta yage shafin. Mai Girma ya sa hannu, ya buga hatimi har sau biyu, ya rubuta cewa bai taɓa ganin ɗaliba mai saurin fahimtar aiki irinta ba. Yanzu littafi ya cika, 'yata za ta kammala. Amma da muka dawo gida, sai ta kawo mini tuwo ta ajiye ta juya.

Kada ku tambaye ni mece ce kalmar, ni mutum ne mai riƙe sirrin hukuma. Sai dai tunda data ta ƙare mini, daga bencin Yero nake turo muku wannan rubutu. Netwok ɗin kam, masha Allah, gudu yake yi.