Kirarin da Na Yi wa Gidan Tsibelkremer

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da idona ya fara sauka a kan sunan nan. A jikin wani ɗan allon tagulla yake, an kafe shi a ƙofar wani gida a hawa na huɗu a unguwar Flatbush da ke Brooklyn, ya sha guga har yana ɗaukar ido: Tsibelkremer. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina haɗa baƙi kamar 'yar aji ɗaya. Sau uku ina gwada faɗarsa harshena yana harɗewa. Nan take zuciyata ta ce, "Wannan ba sunan talaka ba ne."

(Gara in tona kaina tun da wuri. Ni littattafan soyayya na kasuwa ne suka rene ni. Tun ina sakandare a Kano nake hayarsu ina cusawa cikin littafin lissafi. A cikinsu kuwa ba a yin tsoho haka kawai. Ko dai attajiri ne da ya ɓad da kama, ko basarake ne da 'yan'uwa suka ci amanarsa.)

Aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni gidan. Mai gidan Bayahude ne, saura kaɗan ya cika casa'in, sunansa Moris. Bakina bai iya kiran sa'an kakana gatsal ba, sai na mai da shi Baba Moris. 'Yarsa Debora ce ta ɗauke ni, wata mai tabarau da ba ta rabuwa da ɗan littafin da take rubuta laifin ma'aikata. Ta ce gwajin wata uku za a yi mini, kuma kafin ni an sallami mutum huɗu. Ni kuwa wata biyar na yi ina kwana a kujerar falon Anti Rabi a titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx, ba aiki ba dalilinsa. In aka sallame ni, kujerar nan zan koma, ita ma ta fara ƙara in na juya.

A bangon falon Baba akwai wani tsohon hoto: wani mai gemu har ƙirji, da ƙatuwar riga da hular gashi, ya dafa wuyan doki.

Na ce, "Baba, wane ne wannan?"

"Kakana ne, can tsohuwar ƙasa."

"Babban mutum ne ko?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙwarai. In ya shigo gari, tun daga nesa an san ya shigo."

"To sunan nan naku, kuna da yawa?"

"Duk birnin nan mu biyu ne, ni da jikana Daniyel, ɗan ɗana marigayi. Debora aure ya sauya mata."

Shi ke nan, lissafi ya fita. A wurinmu Musa da Audu kowane lungu akwai su. Sunan da mutum ɗaya ko biyu tak ke riƙe da shi a gari, ai sarauta ce. Galadima ɗaya ne, Madaki ɗaya ne. Na buga sunan a waya, ban ga komai ba, sai na ce ai dole, masu gudun sarauta ɓoye kansu suke yi. Ga doki, ga hular gashi, ga barin ƙasa. Kafin jirgin ƙasa ya kai ni Bronx ranar, na gama tsara labarin: yarima ne ya so 'yar talakawa, fada ta ƙi, ya ajiye gadon sarauta ya ɗauke ta a doki suka tsere. Har na yi ƙwalla a jirgi, wata mata ta miƙo mini tishu.

Sai kuma ga Daniyel, lauya, dogo, yana zuwa duk Lahadi. (A'a, ban sa shi a raina ba. Kawai dai na zaɓa masa sunan da zai ɗauka in Allah ya shirye shi, da kalar da ƙawayen amarya za su sa. Iyakarta ke nan.)

Na ba Anti Rabi labari tana tuƙa tuwo. Ita 'yar Zongon Kumasi ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ta ce, "Kai yarinya, ka tambayi mutanen ma'anar sunan?"

Na ce, "Haba Anti, ana tambayar basarake asalinsa? Ai rashin ladabi ne."

Ta ce, "To. Kujera dai yana nan."

Bikin cikar Baba shekara casa'in ya faɗo a makon ƙarshe na gwajina. Debora ta ce duk mai so zai yi 'yar magana, har da ni in ina so. In ina so! Na ga dama ta samu da zan nuna mata ba wankan tsoho da ba da magani kaɗai na iya ba, na san darajar gidan da nake. Kwana uku ina tsara kirari. Ranar Lahadi da rana na ci leshi, na kafa ɗaurin da sai da na sunkuya kafin in shiga lif.

Falo ya cika da dangin matarsa marigayiya da tsofaffin abokai. Kowa ya yi maganarsa a taƙaice, aka tafa. Da aka zo kaina sai na fito tsakiya, na ɗaga hannu sama, na saki murya da Hausa, ina yi ina fassara musu:

"Tsibelkremer, suna ɗaya tilo kamar rana! Jikan mai doki, ɗan gidan da ba a shiga da takalmi! Toron giwa, ka bar gadon mulki don ƙauna, mulki bai bar ka ba!"

Na kawo labarin yarima da 'yar talakawa tiryan-tiryan, har da kalar dokin. Na kama hanci na rangaɗa guɗa, wata tsohuwa ta yi saurin cire na'urar ƙara jinta daga kunne. Sannan, don in cike ladan, na je gaban Daniyel na durƙusa har ƙasa, na dunƙule hannu na ce, "Ranka ya daɗe, Yarima mai jiran gado."

Daniyel yana riƙe da faranti, bakinsa cike da kek. Na hango Debora tana laluben ɗan littafinta.

Sai Baba Moris ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, na tashi da gudu da ɗaurina na kawo ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Yarinya, kin san abin da sunan yake nufi a harshenmu? Mai sayar da albasa."

Na ce, "Na'am?"

"Albasa. Da can mutanenmu ba su da sunan dangi, wane ɗan wane ake cewa." (Ashe irinmu ne!) "Sai hukuma ta ce dole kowa ya ɗauki suna na dindindin saboda haraji da aikin soja. Ma'aikaci ya tambayi kakan kakana sana'arsa, ya faɗa, aka rubuta. Dokin nan kuwa amalanken albasa yake ja. Mai hoto ne ya ce a kwance amalanken."

Aka kwashe da dariya. Da nan aka tsaya da na gode wa Allah. Amma bakina, wanda bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba, ya ce, "To Baba, me ya sa ku biyu ne kawai?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Da muna da yawa. A garinmu layi guda duk mu ne. Da yaƙin duniya ya zo aka kwashe su, ba wanda ya dawo. Babana ne kaɗai ya riga ya tsallako."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige har da ɗaurin. Abin da na ɗauka alamar mulki, ashe ragowar makoki ne, ni kuma na zo na rangaɗa guɗa a kai. Na durƙusa gaban keken guragun da yake zaune a kai, wannan karon ba don burgewa ba, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ban sani ba." Sai kuma na ji bakina ya ce, "Amma a garinmu ko albasa tana da sarki."

Ya ɗago. "Da gaske?"

"Wallahi. Sarkin Albasa, a kasuwa. Har da rawaninsa."

Ya kalli hoton kakansa. Can ya juya ya ce, "Debora, rufe littafin nan. Shekara casa'in ba wanda ya taɓa naɗa ni komai. Wannan ba inda za ta."

Shekara huɗu na yi a gidan. Kullum da safe sai na ce "Sarkin Albasa ya kwana lafiya?" kafin ya yarda ya sha magani, har ranar da ya rasu.

Yarima kuwa, bayan 'yan shekaru ya gaji da aikin lauya, ya buɗe ɗan shagon gasa burodi mai albasa a Brooklyn. Allon tagullar nan yana saman ƙofar. Ya yi aure (ba kalar da na zaɓa aka sa ba), yana da 'ya'ya maza biyu, sunan ya samu masu ɗauka. Duk ranar da na leƙa, sai ya fito da fulawa har gira, ya dunƙule hannu a gaban masu ciniki ya ce a ba ni hanya, maroƙiyar fada ta iso.

Har yanzu ina karanta littattafaina, ban tuba ba. Sai dai yanzu in na ga mutum ya dafa doki a hoto, kafin in kama hanci sai na tambayi abin da dokin yake ja.