Baron Ba Ya Kwana a Waje

Idan ana lissafin wayayyun mutanen Nairobi, ban ga dalilin da zai sa a tsallake ni ba. Ni ne Barnabas Owiti. Tayil ɗin banɗaki nake sayarwa, amma a kasuwa na fi son a ce mini mashawarci kan ƙawata muhalli. Ina da mota, ina da tumbi daidai gwargwado, ina kuma da abin da ya raba ni da gama-garin jama'a, wato kare mai takardar haihuwa. Sunansa Baron. Fari ne sol, gashi buya-buya, girmansa bai wuce na zakara ba. Yana da likitansa da wanzaminsa, abincinsa kuwa a gwangwani yake zuwa daga Turai. Maƙwabta na kirana Baban Baron, alhali ina da 'ya mai suna Achola. Ban taɓa gyara musu ba.

Da Kirsimeti ya matso, matata Apondi ta ce za mu je gaida mahaifiyarta, Mama Rispa, a ƙauyensu, gaba da garin Ugunja. Ta ce a bar karen wurin mai gadi.

"Maman Achola," na ce, "ana gane ci gaban al'umma ne daga yadda take riƙon dabba. Mutanenku na bukatar su gani da idonsu."

Ta dube ni, ta dubi karen, ta ci gaba da ninke kaya.

To, a al'adarmu kowa ya san suruki ba ya kwana ƙarƙashin rufin uwar matarsa. Da Mama Rispa tana da ɗa namiji, da sai in raɓa a ɗakinsa, amma 'ya'yanta duk mata ne. Dole in kama ɗaki a gari. Na sauke su Apondi, na gaida Mama cikin ladabi, na juya Ugunja neman masaukin da ya dace da mutane irinmu, ni da Baron.

A masauki na farko ɗaki ɗaya tak ya rage, don duk 'yan birni sun dawo gida hutu. Matar da ke karɓar baƙi ta leƙo abin da na runguma.

"Baba, wannan tunkiya ce ko matashin kai?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da sunan kakansa.

"Kai dai ga ɗaki," ta ce. "Shi kuma ga bishiyar mangwaro, ga igiya."

"Baiwar Allah, Baron ba ya kwana a waje. A Landan da tawul ɗinsa ake tarbar irinsa."

Ban taɓa zuwa Landan ba, ita ma ba ta tambaya ba. Cewa kawai ta yi, "To ai ga hanya nan, Baba. Ka bi ta birnin Kisumu."

Na fita ina taku ɗai-ɗai, don ta san ta yi asarar babban baƙo.

A na biyu wani dattijo ne mai wurin, ya saurare ni tsaf har na kai aya. "Yana cizo?" ya tambaya. Na ce Allah ya kiyaye. "Yana haushi in ya ga ɓarawo?" Na ce ba irin tarbiyyar da aka yi masa ke nan ba. Dattijo ya sosa ƙeya. "To ɗana, aikin me yake yi?" Tambayar ta yi mini zafi ƙwarai, na rungumi karena na fita.

A na uku an kusa daidaitawa, sai wata kaza mai 'ya'ya ta yi kan Baron. Jikan manyan karnukan Turai ya haye teburin baƙi yana kuka, ya zubar musu da shayi. Aka raka mu har mota.

Rana ta yi sanyi, ni ma na yi. Na haɗiye girman kaina na koma wurin matar farko, ina shirin duba lafiyar igiyar nan tata. Ta ce wani mai sayar da kifi ya kama ɗakin, da warinsa da komai. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ranar nan ni na naɗa shi da hannuna.

Gab da faɗuwar rana na tsaya a bakin shingen Mama Rispa. Apondi ta fito ta harɗe hannu, ta yi mini kallon da ya fi zagi ciwo. Mama ta biyo ta, ta ji yadda aka yi.

"Ayya, Baban Achola," ta ce, idonta a ƙasa saboda kunya irin ta surukai. "Kai dai al'ada ta hana, ba yadda zan yi. Amma ban taɓa jin ta hana kare ba. Miƙo bawan Allah, ya sha hanya."

Na miƙa shi tare da gwangwaninsa da dogon jawabi kan ƙa'idar cin abincinsa. Ta ajiye gwangwanin a kan taga, ta gutsuro ugali, wato tuwon masara, ta tsoma a romon ƙananan kifi. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Baron ya gani, ya lashe kwano, ya bi ta ciki yana kaɗa wutsiya. Ko waiwaye bai yi ba.

Ni kuwa na kwantar da kujerar mota a wajen shinge, sauron yankin kaf suka zo mini sannu da zuwa.

Gari ya waye ina miƙe wuya da ƙyar, fuska duk ƙuraje, sai ga matan unguwa cikin fararen kaya sun biyo wa Mama su tafi coci. Ta fito, Baron na gefenta, ya yi barci ya ƙoshi. Suka kewaye shi suna yaba gashinsa. Can wata tsohuwa ta hango ni ina kurkure baki a bayan mota.

"Rispa, wannan kuma fa, da ya kwana a titi?"

Na gyara kwalar riga, na tsaya a gabatar da ni. Mama ta dube ni da tausayi, ta dubi ƙawayenta.

"Shi ne ya kawo karen," ta ce.