Jirgin Leiden da Ya Ƙi Tashi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa iyayena jagora a ƙasar Holan ba, ko na so in manta ma Umma ba za ta bari ba. Ina shekarar ƙarshe a jami'a a nan Dubai, na samu gurbin digiri na biyu a garin Leiden, abin da ya rage kawai Abba ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyina. Wata biyu yana jan ƙafa. Ba karatun yake ƙi ba, cewa yake ban taɓa kwana ni kaɗai a wani gari ba, balle ƙasar da ba mu da kowa.

Da aikin kamfaninsu na dakon kaya ya kai shi Rotterdam, sai ya ce mu biyo shi ni da Umma a ƙarshen mako, mu ga garin da idonmu. Ya ce shi ba zai ce uffan ba, ni zan riƙe tafiyar tun daga tashar jirgin ƙasa har mu dawo. Duk mun san jarrabawa ce, amma ba wanda ya kira ta da sunanta.

Ni kuwa na shirya. Na yi mako biyu ina kallon bidiyon garin, na haddace sunayen titunan da ko furta su ban iya ba. Abin da ya fi kumbura min kai shi ne garin ruwa ne, ni kuma a Port Saeed na tashi, a bakin ruwan Deira. Tun ina firamare nake hawa abra, wato kwale-kwalen katakon nan mai inji da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai. Ƙa'idarsa ɗaya da ta motar haya a tasha: ka shiga ka zauna, in ya cika direba ya zagayo ya karɓi kuɗinsa, a tashi. A lissafina, wadda ta san wannan ai ta gama sanin ruwa.

Da farko abin ya yi kyau, har ina nuna gine-gine da yatsa ina bayani. Daga nan sai gadojin suka fara kama da juna. Aka soma yayyafi mai sanyin tsiya, wayata ta mutu saboda hotuna, gwiwar Umma ta fara ciwo. Mun wuce wani shagon burodi sau uku (na ce musu rassa ne na kamfani ɗaya).

"Mamana, ko mu tambayi mutumin can?" in ji Abba. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Haba Abba, khalas, shi ke nan, na gane hanya. Yalla, mu je."

Ban gane komai ba. Ina cikin addu'a a zuci sai ga wani dogon jirgi a ɗaure a bakin ruwa, da katakon hawa, da rumfa, da benci biyu suna fuskantar juna. Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Na sanar da su cewa ga abra ɗin garin, shi zai kai mu tasha, dama nan nake nufi da mu tun ɗazu.

Muka hau muka zauna. Abba ya dubi tukwanen furanni da ke jere, ya ce jirgin haya da furanni? Na ce ai Turawa haka suke, ko'ina sai sun yi ado. Ya tambaya ina direba, na ce ko a Deira ma direba ba ya motsi sai an cika. Ya gyaɗa kai. Umma ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, ta buɗe robar dambun nama, ta ga wani bargo a ninke a gefen benci ta tambaye ni ko za ta iya lulluɓa. Na ce don fasinjoji aka ajiye.

Mun fi minti ashirin a haka. Masu kekuna suna wucewa suna waiwayenmu, ba wanda ya shigo. Wata ƙatuwar kyanwa ta fito ta zauna a gaban Umma, ta kafa mata ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Can sai wata ƙofa ta buɗe a bayanmu. Wani dattijon Bature ya fito da silifas da rigar barci, kofin shayi a hannunsa. Mai hankali daga nan zai gane. Ni miƙewa na yi, na zaro kuɗi daga jaka na miƙa masa, na ce da Turancina mafi tsada: mutum uku, tashar jirgin ƙasa, kuma don Allah a ɗan hanzarta, mun daɗe muna jira.

Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya dubi Umma da dambun a hannunta.

"Yarinya, nan gidana ne," ya ce a hankali. "Ko inji babu a ciki. Bargon nan kuma na kyanwata ne."

Na so ruwan nan ya buɗe ya haɗiye ni. Ba kaina na ji wa kunya ba kamar Abba, mutumin da ko gidan ƙanensa ba ya shiga sai ya yi sallama an amsa. Yau ga shi zaune a barandar wani, da girmansa da furfurarsa, kuma ni na zaunar da shi. Ya miƙe ya dafa ƙirji yana ba da haƙuri, Umma tana neman takalminta da ƙafa ɗaya tana ninke bargo.

Da mutumin ya yi faɗa, da ya fi min sauƙi. Matarsa ce ta fito tana dariya har da hawaye, ta rantse ba za mu tafi ba sai mun sha shayi. Muka sha, ni dai ban ji ɗanɗanonsa ba. Ta tambayi yadda aka yi muka zo, Abba ya nuna ni ya ce da jagora muka taho. Da za mu sauka na ga akwatin wasiƙa da lambar gida a jikin katakon da muka tako muka hau.

Har muka dawo Dubai Abba bai tayar da maganar ba. Saura kwana biyu a rufe karɓar takardu na same shi a falo bayan la'asar, na ce zan rubuta wa makarantar su ɗaga min zuwa baɗi. Ya ce saboda me? Na ce saboda ban san garin ba, kuma tun daga gada ta biyu na ɓata, ƙarya kawai nake ta yi musu.

"Na sani," in ji shi. "Ina ganin allon tasha muna ba shi baya. Ɓatan bai dame ni ba, Mamana, matambayi ba ya ɓata. Jira nake in ji ko bakinki zai iya faɗa." Ya jawo takardar ya sa hannu, ya miƙo min ba tare da ya saki ba. "Amma masauki ni zan nemo miki."

Na yi karatuna na dawo lafiya. Abin da na koya bai shiga takardar shaida ba: in ka ga wuri mai daɗi babu kowa a kai, ba sa'a ka taka ba, mai shi ne bai fito ba tukuna. Har yau ko a ɗakin jiran asibiti sai na tambaya kafin in zauna.